Kason Kowa

Shekara sha tara ni da Sammani
a rumfa guda cikin Kantin Kwari,
makulli biyu, ƙofa ɗaya,
da aljihun tebur wanda ba ya kulluwa.
In aka ce shagon wa?
Sai mu ce namu ne, mu ci gaba da awon yadi.

Sai ga takarda daga ofishin haraji,
Maris yana haramar tafiya.
Muka hau adaidaita da littafin ciniki
wanda ɓera ya ci wa gefe,
shayi ya zana wa taswira.

Yarinyar kan tebur, Hansatu,
ba ta kai sa'ar 'yata ta fari ba.
Ta gyara tabarau ta ce,
"Baba, ba shago ke biya ba, ku ne.
A cire haya, a cire wuta,
da ladan yaro da kuɗin dako,
abin da ya saura shi ne riba.
A raba ta, kowa da lambarsa,
kowa ya biya gwargwadon rabonsa.
To, nawa ne kason kowa?"

Na dubi Sammani.
Sammani ya dubi fanka.

Ba mu taɓa furta wannan ba.
Wanda aka yi wa haihuwa ya ɗiba ya sayi rago,
wanda azumi ya matsa ya ɗiba ya sayi gero,
a rubuta in an tuna,
in an manta Allah ya sani.
Takarda kuwa ba ta jin "namu".
Gida biyu ta bari wayam,
kowanne ya buɗe baki yana jiran adadi.

"Sa masa biyu cikin uku," in ji Sammani,
"jarin farko nasa ne,
ni ƙafa na kawo da baki."

Na ce ƙarya kake, ɗan Fagge!
Daminar da ruwa ya shigo layinmu,
shadda ta koma tsumma, atamfa ta zuba,
wa ya sayar da filinsa na Rijiyar Zaki
ya turo dila uku a baro?
Da na kwanta wata huɗu a asibiti
wa ya buɗe, wa ya rufe,
wa ya kai cefane gidana bai faɗa mini ba?
Sa masa biyu, ni ɗaya.

Muryoyi suka hau, 'yan layi suka waiwayo,
sun zaci rigimar kuɗi ce irin wadda suka saba gani.

Hansatu ta ajiye biro tana danne dariya.
"Ku dai sani, mai babban kaso
shi ne mai babban haraji."

Tsit.
Can Sammani ya shafa gemu ya ce,
"Ashe kaya kake ɗora mini da sunan kyauta."
Na ce ai kai ka fara.
Muka yi dariya har hula ta faɗi.

Rabi da rabi muka cike.
Ta ce mu rubuta yarjejeniya, da shaidu, da sa hannu,
mu riƙa ajiye rasit inda ɓera ba ya kaiwa,
baɗi war haka mu dawo tun ba a aiko ba.

Da dare barci ya ƙi zuwa.
Ba kuɗin da za su fita ba ne.
Na tuna wata ran ɗayanmu zai riga ɗaya,
a naɗe tabarmin zaman makoki,
'ya'yansa da nawa su tsaya bakin rumfa.
Su ma, kamar takardar,
ba lalle su ji "namu" ba.

Da safe na sayi sabon littafi mai jan bango.
Sammani ya ja layi a tsakiyar shafi,
hannunsa na ɗan rawa, layin ya karkace.
Muka bar shi haka.

Aljihun tebur dai har yau ba ya kulluwa.